Giɓin Da Ya Bari A Dunduniya

Jama'a ku gyara zama, kuma in kun ga kuskure a rubutun yau ku yi min uzuri, a cikin mota nake rubutawa. Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce autar gidanmu, kuma ni ce mai zama gaban kwamfuta a shagon Baba, inda muke sassaƙa ƙarfe da inji mai aiki da kwamfuta. Masu kamfanoni su turo zane, ni in tsara wa injin hanyar da bakin yankansa zai bi, Baba ya ɗaure ƙarfe ya danna. Sana'armu ke nan ni da shi. Ita kuwa Mama, tun da na gama karatu ba ta da sana'ar da ta wuce neman ranar da zan bar mata gida.

Yau da safe ina gaban madubi ina ja wa idona kwalli ta leƙo ɗakina. Ta dubi abayar da na saka, ruwan toka mai ƙananan duwatsu a bakin hannu, ta dubi gyalena ruwan hoda da na goge tun jiya, sannan ta shaƙi turaren da ya cika ɗakin.

"Ikon Allah. An sauya miki wurin aiki ne ban sani ba?"

"Mama shagon ne fa."

"Shagon da kike dawowa kina warin man inji? To madalla. Ki dawo da wuri, Goggonki za ta zo da yamma. Ta ce akwai ɗan ƙawarta, mai kantin magani, yaro natsattse."

"Mama don Allah..."

"Ba mai yi miki dole, Auta. Amma ɗayan biyu ne, ko ki fito da naki mu gani, ko ki saurari na mutane. Na gaji da amsa tambaya a waya."

Na sunkuyar da kai ina neman takalmi. In fito da nawa! Ai akwai shi, matsalar kawai shi bai taɓa buɗe baki ya ce shi nawa ne ba. A wayata Mai Takalmi na sa masa, don ƙaramin kamfanin yin tafin takalmi gare shi, mu muke sassaƙa masa mazubin da yake zuba roba a ciki. Dogo ne, da gilashin da kullum yake zamowa kan hancinsa, in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu kamar wanda ya yi laifi. Yau zai zo ganin yadda za a fara sabon mazubinsa, kun ji dalilin abaya.

To amma a mota Baba ya zuba min ruwan sanyi. Yana tuƙi, bai ko kalle ni ba ya ce, "Uwata, zanen yaron nan ya iso?"

"Jiya ya turo, Baba. Ban buɗe ba tukuna."

"In aka sake samun matsala a ciki, wannan ne aikinsa na ƙarshe a shagona. Da bakina zan faɗa masa yau. Mutumin da ba ya iya rufe layin da ya ja, ban ga abin da zai iya riƙewa ba."

Wallahi na san ba wasa yake ba. Duk wanda ya san Baba ya san in ya soke mutum a kan aiki, ya soke shi a komai. Wanda aka kora daga shago kuwa da wace fuska zai doshi ƙofar gida? Na yi ta addu'a a zuci har muka isa, Allah ka sa wannan karon zanen ya zo lafiya.

Ofishina ɗan ɗaki ne mai tagar gilashi, ina hango injin daga kujerata. Na ɗora rigar aiki mai ɗigon baƙin mai a aljihu a kan abayar, na ture kofin shayin jiya gefe, na buɗe zanen. Tafin takalmi ne na mata, kyakkyawa, mai 'yar dunduniya. Aikin farko shi ne rofin, wato yankan farko da ke kwashe tulin ƙarfe kafin a zo na gogewa. Kafin manhaja ta tsara shi sai an nuna mata layin iyaka, an ce da ita cikin nan kaɗai za ki ci, kada ki fita. Na zaɓi layin da ya kewaye tafin, na yi bisimilla na danna.

Hanyar ta fito shuɗiya a allo, na ce innalillahi. Maimakon ta tsaya cikin ramin tafin, ta tsallake ta bazu ko'ina a saman ƙarfen, ta zaga gefe, ta miƙe tiryan-tiryan zuwa kan kilam, ƙarafan da ke danne aiki a teburin inji. In aka saki inji a haka, bakin yanka zai daki kilam ya tarwatse.

Na ce tsaya, kada in ɗora wa bawan Allah laifi, wataƙila ni ce. Na duba girman bakin yankan da na zaɓa, daidai yake. Na duba ko na ce ya bi ta wajen layi maimakon ta ciki, a'a, ciki na sa. Na duba awon ƙarfen da na shigar, har na fita da ma'auni na sake auna na gaske a kan teburi, Baba yana bina da ido ta saman gilashinsa, ni kuma ina masa murmushin babu komai. Na dawo na duba ko layi biyu ne suka hau kan juna, don wani lokaci hakan yana rikita ta. Shi ma babu.

Saura abu guda, wanda nake ta kauce masa. Na zuƙo hoton a kan dunduniya, na ƙara zuƙowa, na ƙara, har layin ya cika allo. Ga shi nan. Bakin layi biyu sun zo gab da juna sun ƙi haɗuwa, giɓin da ke tsakani silin gashi ya fi shi kauri. Ita kuwa manhaja in layi bai rufe ba ba ta ɗaukarsa a matsayin iyaka, sai ta koma bin gefen ƙarfen gaba ɗaya tana ci son ranta.

Na dafe kai. Ya kashe kansa, ya kashe ni. Wannan ne fa karo na huɗu.

Bari in gaya muku wata dokar Baba, don ita ce tushen komai. A shagonmu ba a taɓa zanen mai aiki sai an kira shi ya amince, ko da ɗigo za a gyara. Baba ya ce zane amana ne. Don haka duk lokacin da giɓin nan ya fito sai in kira Mai Takalmi, ya ba da haƙuri, ya ce in haɗe, daga nan hira ta ɓarke. Gyaran dannawa biyu ne kacal, amma kiran sai kunnena ya yi zafi. A haka na san ba ya shan shayi da sukari, kuma ƙanwarsa ce take zaɓa masa riguna.

Ina cikin kallon giɓin sai wani abu ya faɗo min a rai. Ruwa ba ya tsami banza. Na buɗo tsofaffin zanensa na jera su a allo, na zuƙo kowanne. Dunduniya, gefen hagu, wuri ɗaya. Na sa ma'aunin manhaja na auna su ɗaya bayan ɗaya, dukkansu faɗinsu ɗaya, ba ƙari ba ragi. Kuskure ba ya zuwa da awo haka.

Sai na tuna. Farkon zuwansa shagon, da ya kawo zanensa na fari wanda ya zo tsaf babu ko tabo, ya tsaya bayan kujerata yana gyara gilashi ya ce, "Injiniya, manhajarku tana haɗe ƙananan giɓi da kanta ko? Har zuwa wane faɗi?" Ni kuwa uwar iyayi na buɗe masa wurin na nuna masa lambar. Giɓin nan nasa ya ɗara lambar da ɗan kaɗan, daidai yadda manhaja ba za ta haɗiye shi ba, ido kuma ba zai gan shi ba.

Jama'a! Na miƙe tsaye, na zauna, na sake miƙewa. Na toshe baki da gyale don kada ihu ya kufce min. Ashe duk watannin nan da nake tausayinsa ina cewa bawan Allah bai iya zane ba, tarko yake ɗana min da dokar ubana! Na ɗauko waya na rubuta masa saƙo.

"Malam, dunduniya. Gefen hagu. Kuma."

Nan take ya amsa. "Subhanallahi, kuma dai? Ki yi haƙuri Injiniya, in kira?"

"Kada ka kira. Na auna su duka. Faɗinsu ɗaya."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Ni kuwa ina ta karkaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur har kofin shayi yana ƙara. Can sai ga shi.

"An kama ni."

"Me ya sa?"

"Na farkon da na kawo babu matsala a cikinsa, kuma har aka gama aikin ba ki kira ni ba ko sau ɗaya. Na ga in na ci gaba da iya zane, ba zan ƙara jin muryarki ba."

Ku faɗa min tsakani da Allah, wace ce za ta karanta wannan ta zauna daidai? Na kwantar da kai kan tebur ina dariya ni kaɗai. Na karanta, na sake karantawa, daɗi kamar ya kashe ni. Sai maganar Baba ta mota ta dawo min, na yi maza na rubuta masa.

"Baba ya ce in aka sake samun matsala zai sallame ka yau. Zan haɗe in ce zanen lafiya ya zo. Ka amince?"

"Na amince da haɗewar. Amma kada ki yi wa Baba ƙarya saboda ni. Ina hanya."

Na haɗe giɓin, dannawa biyu. To a nan ne shaiɗan ya samu wurin zama. Duk wanda ya gyara layi dole ya sa manhaja ta sake lissafa hanyar, in ba haka ba tsohuwar tana nan daram. Har jar alama take sakawa a gefe don tunatarwa. Ina kai hannu zan danna sai wayar ta yi ƙara, wani saƙon nasa ya shigo.

"Tun da asirina ya tonu, bari in ƙarasa. Ba muryar kaɗai nake so ba."

Ban san lokacin da na tura aikin cikin filash ba. Na dai tuna wani ɗan akwati ya fito a allo yana tambayata wani abu, na danna masa eh don ya ba ni wuri, idona yana kan waya. Na fita ina tafiya kamar ba a ƙasa nake taka ba, na miƙa wa Baba.

"Zanen fa?" ya ce.

"An... an shirya komai, Baba."

Ya dube ni, ya dubi abayar da ke leƙowa ta ƙasan rigar aiki. Daidai nan aka yi sallama, Mai Takalmi ya shigo da farar riga mai dogon hannu, gumi a goshi, hular kwano a hannu. Ya durƙusa ya gaida Baba. Ni ko kallon inda yake ban iya yi ba, ƙasa nake kallo, ɓarɓashin ƙarfe yana ta ƙyalli a gaban takalmina.

Allah ya saka wa Baba da alheri a kan ɗabi'arsa guda. Bai taɓa sakin sabon aiki kan ƙarfe kai tsaye ba, sai ya ɗaga bakin yanka sama ya bar shi ya yi tafiyarsa a iska tukuna, hannunsa a kan jan maɓalli. Injin ya ɗauka. Bakin ya zagaya tafin sau ɗaya, ina murmushi. Ya zo dunduniya. Sai na ga ya fice daga layi, ya miƙe abinsa zuwa saitin kilam.

Baba ya daki jan maɓalli. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

Murmushina ya bushe a fuska. Jar alamar nan da ɗan akwatin da na danna wa eh suka dawo min a tare. Baba ya cire gilashi, ya goge da bakin riga, ya juya ga Mai Takalmi a hankali.

"Samari, ka ga inda zanenka ya nufa?"

"Na gani, ranka ya daɗe." Bai sunkuya ba. "Kuma ba kuskure ba ne, Baba. Da gangan nake barin giɓin, tun na biyu. Na san dokarka ce sai an kira mai zane, ni kuma kiran nake so. Na ɓata muku lokaci, na kusa jawo muku asara. Laifina ne ni kaɗai."

Wayyo ni, wa ya aike shi! Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba ba shi ba ne! Wato shi ne, amma na yau ni ce. Na haɗe layin, na manta ban sake lissafi ba. Manhaja ta gargaɗe ni na danna mata eh."

"Kin manta," in ji Baba. "Ke da ko allura ta faɗi a zane sai kin gani. Me kike kallo?"

Na dafe aljihuna. Wayar da ke aljihun rigar aikina ta yi min nauyi kamar dutsen niƙa.

Baba ya mayar da gilashinsa, ya jawo kujerar roba ya zauna. "Ku biyun nan kun ɗauka gilashin nan ado ne. Tun zane na biyu na buɗe kwamfutar bayan kin fita sallah, na ga giɓin. Da na uku ya zo na auna, na ga awo ɗaya ne. Lambar da manhaja take haɗe giɓi da ita, ni na saka ta da hannuna tun kina makaranta. Da na so, da na ɗaga ta kaɗan, ta haɗiye wayonka, kiran ya mutu."

Mai Takalmi ya shiga gyara gilashinsa. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

"To me ya sa ka ce za ka sallame shi?" na tambaya.

"Don zan sallame shi." Ya dube shi ido cikin ido. "Daga wannan mazubin, kada ka sake turo zane shagona. Zan haɗa ka da wani abokina, aikinsa yana da kyau, kuma 'ya'yansa duk maza ne."

Idona ya kawo ruwa. Shi ke nan, abin da nake gudu tun safe ya faru. Mai Takalmi ya ce, "Na gode, Baba, na cancanci haka," ya juya hular kwanonsa a hannu zai miƙe.

"Ban gama ba. Injina ba wurin zance ba ne, yau ka ga abin da hakan yake jawowa. Mai son jin muryar 'yata, gidana yana da ƙofa, kuma ina zama falo bayan la'asar."

Jama'a! Mai Takalmi kuwa gilashinsa ya zamo har ƙarshen hanci bai ko gyara ba, sai "Na gode Baba, Allah ya ƙara girma" yake ta maimaitawa kamar karatu. Baba ya kore shi waje ya jira, ni kuma ya ce in koma in yi aikina yadda aka koya min. Na sake lissafi, hanyar ta kwanta lumui cikin tafin, na duba ta har sau ba adadi kafin in kawo. Injin ya shiga ƙarfe yana waƙarsa.

Muna tsaye muna kallon ruwan sanyaya yana wanke ɓarɓashi, na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, tun da ka sani tuntuni, me ya sa ka yi shiru?"

Bai juyo ba. Ya daɗe yana kallon injin, sannan ya ɗaga kai ya dubi tagar ofishina, inda kujerata take da kofin shayina.

"Ban shirya ganin kujerar can babu kowa ba, Uwata. Har yanzu ma ban shirya ba."

Nan fa kwallin da na ɓata lokaci ina ja da safe ya tashi a banza. Na riƙe bakin hannun rigarsa kamar yadda nake yi ina ƙarama in ya zo da ni shago. Ya ce in sake shi kada in shafa masa baƙi, amma bai janye hannun ba.

Muna rufe shago wayata ta yi ƙara. Saƙon Mama ne.

"Goggonki ta iso, kuma ba ita kaɗai ba. Yaron yana falo na ba shi lemo. Ki taho yanzu, kada ki cire abayar nan."

Na miƙa wa Baba wayar. Ya nisanta ta da fuskarsa ya karanta, ya miƙo min, sannan ya leƙa waje inda Mai Takalmi yake tsaye jikin babur ɗinsa yana ta murmushi shi kaɗai.

"Samari, akwai mai a babur ɗin nan?"

"Akwai, Baba."

"To biyo mu."

Daga kujerar baya nake muku wannan rubutun. In na waiga ina hango farar rigarsa, bai bari ko mota ɗaya ta shiga tsakaninmu ba. Yanzu muka karyo kwanar layinmu, ga wata baƙuwar mota fara a ƙofar gida, ga takalman Goggo ina hangowa a bakin baranda. Baba ya kashe mota, ya dube ni ta madubi.

"Ni na yi nawa. In mun shiga, uwarki da Goggonki za su tambaya wane ne wannan. Ke za ki amsa."